Ranar da Na Bar Baba a Gona

Shekarun baya kaɗan, na rufe shagona na Gusau na tafi gida wajen Bilbis taya mahaifina girbin gero. Lokacin nan kowa kunnensa a buɗe yake noma. Ka ji babura da yawa sun nufo daga daji, ba ka tsayawa tambaya, 'yan bindiga ne.

Da hantsi muna cikin ɗaure damma sai na ji su. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wallahi ban san sa'ad da na tsallake kunyoyi ba, ni da ko hawa bene ke sa ni haki. Sai da na kai bakin rafi na tuna Baba, mutumin da ciwon gwiwa ya sa sallah ma a zaune yake yi.

Innalillahi! Na koma? Na wuce? Na yi gaba, na dawo, na sake yin gaba. Daga ƙarshe na lallaɓo ta cikin karan dawa.

Sai ga Baba zaune a kan dami, 'yan sanda kewaye da shi. Ashe gwamnati ce ta ba su sababbin babura don sintiri inda mota ba ta shiga, labarin bai iso mu ba.

Babbansu ya ce, "Baba, kai kaɗai aka bari da wannan aiki?"

"A'a, ga ɗana nan. Ruwa na aike shi ɗebowa."

Duk suka dubi hannuna. Ko gora babu. Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi.

A hanyar gida na kasa haƙuri, na ce, "Baba, ka gafarce ni."

Ya ce, "Mi ka yi? Ina ganin ƙeyarka na yi hamdala. Da 'yan bindigar ne, gara su iske ɗaya da su iske biyu."

Sintirin nan ya taimaka, a shekarar mun kai geronmu rumbu lafiya. Amma ni har yau, babura uku suka wuce ƙofar shagona a jere sai na miƙe tsaye. Baba ya rasu bai taɓa ba kowa labarin ba, ko mahaifiyata. Ya yafe mini tun a gonar, ni ne har yanzu na kasa yafe wa kaina.