Ranar da Motar Alhaji Ta Ƙi Hawa Tudu

Ban taɓa mantawa da wata Talata a tsakiyar shekarun 1990 ba, lokacin ina babban makanike a wani gareji a Kwamba. Wani ɗan kwangila, Alhaji Sule, ya kawo tsohuwar motarsa mai shan dizal, 'yar Kwatano, mai giya otomatik. Direbansa, Baba Yohanna, dattijo mai iyali, yana tsaye gefe, hula a hannu.

"Usman, motar nan ba ta ja," in ji Alhaji. "A tudu har tifa mai yashi wuce mu take yi. Tsohon nan ne ya cinye giyar. Ku cire ta ku sa manuwal, shi kuma daga yau ya gama aiki."

A zamanin nan maganinmu ke nan. Otomatik ta ɗan yi gardama, sai a fitar da ita, don ba kowa ya san cikinta ba. Maigidanmu har ya sa a ɗauko jak. Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai, domin shekara bakwai Baba yana kawo mana motar sabis, kuma na san hannunsa. Na roƙi awa biyu. Maigida ya harare ni ya ce, "Biyu fa, Usman."

Ga yadda ake bi, ku da kuke koyo. Na fara da man giya, inji yana aiki kuma ya yi zafi: ja ne tas, ba ƙauri. Na bi siraran tiyon iska da ke taimaka wa giya canzawa, ba wanda ya tsage. Filtar dizal sabuwa ce. Sai na ɗauki Baba a motar muka nufi hanyar Gauraka, inda akwai tudu.

A kan tudu na take totur iya ƙarfina. Motar ta ci gaba da jan jiki. Amma ƙafata ta ji wani laushi, kamar na taka katifa. Na gangara gefe.

"Baba, tun yaushe ta fara?"

"Tun bayan Sallah, da aka yi mata kwalliya. Na faɗa, Oga ya ce surutu ne."

Na durƙusa na leƙa ƙarƙashin totur. Kafet ne ja mai kauri, ninki biyu, da roba a kai. Totur ba ya kaiwa ƙasa, balle ya danna ɗan maɓallin da ke ƙarƙashinsa, wanda ke mayar da giya ƙarama mota ta zabura. Wallahi dariya da haushi suka zo mini tare. Na naɗe kafet na jefa a but, bayan mota.

Da muka koma na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, ka tuƙa da kanka." A tudun farko ya taka, motar ta zabura har hularsa ta faɗa kujerar baya.

"Me ka canza?" in ji shi.

A gareji na buɗe but gaban kowa. Alhaji ya ɗaga kafet ɗin ya duba. Ashe shi da kansa ya ce a ninka kafet ɗin, don ya yi laushi irin na falonsa. Ya zare makulli ya miƙa wa dattijon da hannu biyu. "Baba, ka yafe ni."

Ranar na koma gida ina jin kaina. Abin da na koya shi ne, kafin ka kwance giya, ka tambayi mai tuƙa ta yaushe abin ya fara, ka kuma saurare shi. Sau da yawa direba ya riga ya faɗi ciwon, ba a dai ji shi ba ne.