Malam Hamani Iro, Wanda Ya Shigo Da Duniya Ajinmu Na Tamaske

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris na 1989, cikin watan Sha'aban, ina tsaye gaban ɗalibaina a lakwal, wato makarantar boko, ta Buza, sai diraktanmu ya leƙo ya yafito ni. Ya ce wani direban kamyo, babbar motar kaya, da ya taso daga Madawa ya zo da labari: Allah ya karɓi ran Malam Hamani Iro da hantsi, a asibiti, bayan jinyar mako uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar aka kai shi Tama, garin haihuwarsa, aka yi masa sutura bayan la'asar.

Malam, ni ce Zali ɗiyar Maiguwa, wadda ka koyar a Tamaske shekara uku a jere. Ban samu sallar jana'izarka ba, sai washegari na isa gaisuwa. Abin da na kasa faɗa a zauren gidanka, saboda taro da nauyin baki, shi nake rubutawa.

Ka zo mana a 1972, dogo, siriri, da tsohon keke da akwatin littattafai. A lokacin darasin sanin ƙasa hadda ce kawai: sunan kogi, sunan babban birni, mu rera da Faransanci, mu fita tara mu manta. Kai kuwa ranar farko cewa ka yi gobe kowa ya zo da abu ɗaya daga ɗakin uwarsa. Wani ya kawo ashana, wani ganyen shayi, wata ƙyallen atamfa, ni na kawo mataccen batir na rediyon babana. Ka fitar da mu fili, ka ɗauki kara ka zana duniya a ƙasa, faɗinta ya kai masussuka. Kowa ka nuna masa inda abinsa ya fito, ka ce ya je ya tsaya can. Mai shayi ya yi ta tafiya har gindin itacen bedi, wai nan ce ƙasar Sin, muna ta dariya. Da muka watsu ko'ina, sai ka ɗaga albasa guda ka tambaye mu ina take zuwa idan ta bar fadamarmu. Yara fiye da goma suka ce Abijan, domin can iyayensu ke cirani. Ka ce to, yau wata mata da ba ta taɓa jin sunan Tamaske ba za ta yi miya da gumin babanku. Ban ƙara kallon buhun albasa yadda nake kallonsa da ba.

Shekara biyu bayan haka aka shiga yunwa. Rumbuna suka ƙare, aka fara rabon jar dawa da ta ƙetaro teku. Makiyayan arewa da dabbobinsu suka mutu suka gangaro, suka kafa bukkokin tabarma a bayan kasuwa. Mutanen gari ba su yi murna da su ba. Babana yana cikin masu zafi, domin ya tashi yana jin yadda kakansa ke auna hatsi ya miƙa wa kakannin waɗannan mutane, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Yana cewa yau ga su sun zo su rage mana rabo.

Cikin wannan hali ka je bukkokin da ƙafarka, ka yi kwana uku kana lallashin iyaye, ka komo da yara bakwai. Shida ka kai su ajin farko. Ta bakwai, Lalla, ta girme su, ka ajiye ta a bencina. Ba ta jin Faransanci ko kaɗan, Hausarta ma gutsure-gutsure ce. Na janye jikina har na kusa faɗuwa daga benci. Ka gani, ka ci gaba da darasi.

Da babana ya ji, da kansa ya zo lakwal da safe, ya tsaya a bakin aji.

"Malam, ɗiyata za ka zamnar da Buzuwa? Ka san mi kakanninsu sunka yi muna?"

"Na sani, Baba Maiguwa. Nawa kakan ma ya auna musu. Amma yarinyar ga shekararta goma. Ka shigo ka zamna, ka ji darasin yau. In ka ga aibi, ka tahi da Zali, ba ni hana ka."

Ya shigo, ya zauna a baya kan kujerarka, fuska a murtuƙe. Ka fito da dunƙulen jan gishirin nan da ake ba dabbobi, ka tambaye mu daga ina yake. Muka ce daga kasuwa. Ka ce kafin kasuwa fa? Sai ka kira Lalla gaban allo, ka ce ta faɗa da kowane harshe ta iya. A wancan zamani wanda ya yi Hausa a aji hukunci ne, amma ranar ka ɗage dokar. Ta faɗi yadda ake jiƙa ƙasa mai gishiri a Tigidda, can arewa, a tace ruwan cikin ƙananan ramuka, rana ta shanye shi. Ta faɗi kwana nawa raƙumi ke yi daga can zuwa ƙasarmu ta Adar, da sunan rijiyoyin hanya ɗaya bayan ɗaya. Ka tambaye ta me babanta ke komawa da shi. Ta ce hatsi, daga Tamaske, wurin wani mai rumfa kusa da mahauta. Ta ce bana babu raƙuma, babanta ma ya rasu a hanya.

Kai kuma ba ka ja dogon wa'azi ba. Ka ce kawai: shanunmu sun lashi gishirinsu, su sun ci hatsinmu, yau kuma mu da su muna cin dawar wani manomi da ba mu san sunansa ba, shi ma bai san namu ba.

Babana ya tashi ya fita bai yi sallama ba, bai kuma tafi da ni ba. Ba zan ce ya sake ra'ayi a ranar ba. Ya daɗe yana gunaguni. Sai dai bayan sati biyu, da innata ta ƙulla mini dafaffen wake na tara, ya dubi ƙullin ya ce, "Ƙara mata. Su biyu na."

Daga baya muka ji cewa sufeton makarantu ya rubuta maka gargaɗi, wai kana ɓata lokacin jarrabawa, kana barin yara su yi harshen gida a aji. Ba ka daina ba, sai ka ƙara mana awa guda ranar Alhamis, ranar hutunmu, don kada lissafi da rubutu su yi baya. Kana sa mu rubuta wa iyayenmu da ke Abijan da Kumasi wasiƙa, mu tambaye su me ake nomawa can, me ake ci, yaushe ruwa ke sauka. Amsoshin kake karanta mana a matsayin darasi, ka ambaci sunan mai wasiƙar kamar marubucin littafi. Na ga ɗan mai tura amalanke ya ɗaga kai a aji saboda an karanta maganar babansa. Shekarar da muka zana jarrabawar sartafika, mu ashirin da uku muka ci cikin talatin, kuma ba a sake aiko maka da gargaɗi ba.

Lalla ba ta koma arewa ba. Ta bi mu a baya da shekara biyu, ta wuce kwaleji a Tawa, yau ita ce ungozoma a Keita. A hannunta aka haifi ɗan farin ƙanena, kuma babana, kafin rasuwarsa, shi ya aika mata da rago na godiya. Ranar gaisuwa tare muka shiga wurin Inna Biba, matarka. Ta dube mu ta ce, "Ku na ɗiyan benci guda? Kullum shina zancenku."

A zauren na ga abin da ya sanyaya mini rai. Na ƙirga malaman makaranta tara cikin ɗalibanka, daga Tama, Tamaske, Buza da ƙauyukan Madawa. Akwai masu gonar albasa, da ma'aikacin gandun daji da ke koya wa mata jera duwatsu a kan tudu don tare ruwa, da soja, da direbobi. Iro, babban ɗanka, ya nuna mana littafi mai kauri da ka cika da hannunka bayan ka yi ritaya, darussa arba'in da ɗaya, kowanne da Faransanci a shafin hagu, da Hausa a na dama. Mu tara ɗin mun yi alkawari za mu kwafe shi, kowa ya kai lakwal tasa kafin a shiga damina. Na riga na karɓi darussa biyar na farko.

Allah ya jiƙanka, Malam. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sa ilimin da ka bari ya zama sadaka mai gudana gare ka. Yadda ka buɗe ƙofar ajinka ga wanda ba shi da kowa, Allah ya buɗe maka ƙofar rahamarsa.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Biba, da Iro, da Dela, da Alhusaini, da dukan dangi da mutanen Tama. Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci bayansa. Ga ɗalibansa kuma, na gida da waɗanda labarin zai iske a nesa, duk inda kuke ku yi masa fatiha. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Zali Maiguwa, malamar makaranta, Buza.