Almakashin Ƙwayar Cuta

Ni dai aji huɗu na yi a firamare, amma a layinmu na Unguwar Mu'azu babu mai ja da ni a harkar kimiyya, tunda 'yata tana jami'a a Turai. Ilimi kuwa, a fahimtata, kamar mura yake, in ya shiga gida kowa sai ya ɗan taɓa.

Ita ce 'yar farinmu. Uwarta, bisa kunyar fari, ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta riƙe hannunta a gaban mutane. Duk maganar da ke tsakaninsu ta kaina take bi. “Malam, ka ce wa yarinyar nan tuwo na hucewa,” alhali ga yarinyar nan zaune a gefenta.

Shekarar da masaƙar da nake aiki a Kakuri ta fara rage ma'aikata yarinya ta zo hutu, ta tarar yanar ido ta rufe wa uwar gani. Ɗinkin ƙyallayen da nake kwaso mata daga masaƙa ma da lalube take yinsa. Uwar ta ce in gaya mata karatu ya isa haka. Yarinya kuwa ta ce ba za ta hau jirgi ba sai da albarkar Inna, ko da aikin binciken da take yi a can zai lalace.

Uwar ta ce, “Tambaye ta, wai me take yi a can?”

Yarinya ta fito da wani fim mai ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Na gyara tabarau, na ɗaga shi sama kamar likitan masaƙa, na ce wannan huhu yana son hutu.

“Baba, ba huhu ba ne!”

Ta ce ƙwayar bakteriya in tana girma sai ta riƙa fasa bangon jikinta, amma ba ta zubar da ɓaraguzan, mayar da su ciki take yi. A cikin akwai wani ɗan ma'aikaci, enzayim, mai yanka su a sake gini da su. Shi ita da abokan aikinta suka tace, suka yi ta lallaɓawa a ɗigon ruwa har ya daskare ya zama ƙwaya mai sheƙi da ba ta kai ta gishiri ba. Suka haska mata hasken hoton ƙashi, hasken ya warwatsu ya bar ɗigon nan, daga ɗigon kuma ake lissafo surarsa.

Na juya na fassara: “Ta ce gishiri take ɗauka hoto.”

Uwar ta ce, “To, akwai gishiri a Kaduna.”

Washegari yarinya ta kwance min wayar kejin kaji ba tare da neman izini ba. Ta yi ta lanƙwasa ta, nan murɗi kamar igiya, can shimfiɗe kamar tabarma, har abin ya kai girman ƙwarya, da rami a tsakiya da ɗan murfi. Ta ɗaura duwatsun tsakiya biyu, irin na sarƙar wuya, a bakin ramin. Ta ajiye a cinyar uwar, ta dube ni.

“Baba, ka ce wa Inna ta sa yatsa a ramin.”

Uwar ta laluba, ta rasa ramin. Na matso in taimaka, na kai mata yatsa wani wurin daban. Sai yarinya ta kama hannun da kanta. Na jira a fizge. Ba a fizge ba.

“Nan guntun yake shiga. Murfin ya rufe, kada ya kuɓuce. Wannan dutsen ya riƙe shi, wancan ya turo ɗigon ruwa daidai gaɓar, ta tsinke. Murfi ya buɗe, guda biyu su fita, wani ya shigo.”

Uwar ta buɗe murfin, ta rufe, ta sake buɗewa. Ta ɗauko ƙyalle daga kwandonta ta cusa a ramin.

“Wa ke rufe masa murfin?”

Na buɗe baki in fassara, sai na lura ba ni aka tambaya ba.

“Shi ne ban gano ba tukuna, Inna,” in ji yarinya.

Har yanzu hannun uwar yana cikin na 'yar. Can ta juyo wajen da take jin numfashina, kunya ta dawo mata.

“Malam, ka ce wa yarinyar nan ba a barin ɗinki da allura a jiki. Ta je ta gama. Allah ya yi mata albarka. Abin nan kuwa a bar min shi.”

Na isar da saƙon kalma-kalma, duk da an riga an ji. Kajina dai sun kwana a kicin har aka samo wata wayar.