Lambar 'Yar Fari

Ni mutuniyar Damagaram ce, wadda a wancan zamanin take hannun Faransa. Aure ne ya tsallako da ni Potiskum, ƙasar Ingilishi. Mijina falke ne, yana sayen shanu a kasuwar garin ya kora su kudu da ƙafa, sai ya yi wata uku ko huɗu ba mu gan shi ba. Ya kama mana ɗaki a unguwar Hausari, a gidan wata tsohuwa 'yar asalin garin mai yin daddawa, ya ce mini zaman shekara ɗaya za mu yi mu koma gida. Na yarda da shi har na bar rabin kwanukana a ɗaure cikin buhu. Suna nan a ɗaure na haifi 'ya'ya biyu.

Aikin lamba kuwa shi ya same ni, ba ni na neme shi ba. Turawa sun ɗaura aniyar sai an yi wa kowa lamba saboda agana, amma malamin lamba namiji ne, ba mai gidan da zai bar shi ya wuce zaure. Sai aka shiga neman mace wadda ba ta cikin kulle, ba ta tsoron jini, kuma ba ta da dangi a gari da za su ji kunyar ganinta tana shiga gida gida da akwati a ka. Sharaɗi na ukun ni kaɗai na cika shi a unguwarmu.

Aikin ba wuya. A goge damtsen hagu da auduga, a ɗiga ruwan maganin, a karce fatar da allura sau biyu ko uku, sannan a zaunar da mutum a inuwa har ya bushe. Wahalar tana wajen zaman inuwar, don da zarar na juya baya sai uwa ta lashe wurin ko ta goge shi da toka. Da yara kuwa na samo dabarata. Kafin in taɓa yaro sai in tambaye shi sunansa. In ya faɗa sai in maimaita, in ja shi, in yi masa kirari, in ce ai mai wannan suna ba ya kuka. Kafin ya gama jin daɗi na karce shi. A haka na san sunan yaran Potiskum fiye da ungozoma, har na ƙauyukan wajen Nangere da muke zuwa a kan jaki.

Suna ɗaya ne ba na faɗa, na 'yata ta fari.

A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an yabe shi ma sai ta kawar da kai kamar ba ta ji ba. Kunya ce, kuma ban taɓa ganin laifinta ba, domin ni ma 'yar fari ce a cikin 'ya'ya mata na uwata, haka aka yi mini. Sai dai a gidanmu na Damagaram akwai kakata, akwai goggonnina uku, akwai matan baffannina. Sunana yana fita daga bakin mutum goma kafin azahar, har ya ishe ni. Shirun uwata bai taɓa yi mini nauyi ba. Da na zo Potiskum na taho da kunyar cif, amma mutum goman duk na baro su can. Wannan lissafin bai zo mini ba sai da yarinyar ta shekara shida.

Ina ce mata "ke". In tana nesa in ce "ke waccan". Ita kuma tana kirana Mai-lamba, yadda ta ji kowa yana kirana. Ƙanwarta, wadda nake goyo a lokacin, ba kunya a tsakaninmu, sai in ɗaga ta sama in kira sunanta in yi mata waƙa, babbar tana zaune a bakin ƙofa tana tsince tsakuwa daga wake.

Tsohuwa mai gidan ta taɓa yi mini magana. Hausarta ba ta raba mace da namiji, amma idonta yana raba komai.

"Mai-lamba," ta ce, "yarinyan nan naka ne, ko a kasuwa ka tsince shi?"

Na ce, "Iya, haka muke yi a garinmu."

"To nan garinku ne?"

Na ce mata al'ada ba ta san iyaka ba. Ta ci gaba da tankaɗen kalwarta. Na koma ɗaki ina jin na ba ta amsa mai kyau.

Bayan kaka ta wannan shekarar yayana ya iso. Fataucin kanwa yake yi, yana sauka Nguru da ayari, daga nan ya hau mota. Ya sha ruwa, ya ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya haihu, sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

"Inna ta ce in taho mata da ɗiya. Ta ce shekara shidda tana jira. Ɗiyar fari tata ce, kowa ya sani, ba ta ga dalilin da za a bar ta a ƙasar mutane ba."

Gaskiya ya faɗa. Da a gida muke, tun ranar yaye za a kai ta ɗakin kakarta. Kuma uwar da ba ta iya kiran sunan 'ya, da wane baki za ta ce ba ta iya rabuwa da ita? Mijina yana kudu da shanu, ba wanda zan fake da shi. Na ce, "To, Yaya. Yaushe za ku tahi?" Ya ce jibi, in ya gama sayar da kanwa.

Yarinyar tana nan, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ɗauko zanenta guda biyu da 'yar ƙwaryar da take shan kunu, ta ƙulle su wuri ɗaya ta ajiye a bayan ƙofa. Sannan ta tambayi kawunta ko a Damagaram akwai yara. Ni ba ta tambaye ni komai ba. Abin ya soke ni sosai, don na gane a ganinta ba a raba ta da kowa ba, an dai canja mata wurin zama. Na shiga madafa na hura wutar da ba abin da zan dafa a kanta.

Washegari aiki ya kai mu gidan wani attajiri Bakano, gida mai sassa da yawa. Tsohuwa ta tafi bikin suna, don haka na tafi da yaran duka biyu. Malamin lamba ya zauna a zaure da maza, ni na shige ciki. Na shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, na buɗe akwati, aka jero mini yara. Na ce wa tawa, "Ke, zauna can," ta zauna a kan turmi.

Na shiga aiki yadda na saba. Sunanka? Sunanki? Ina ja, ina kirari, ina karcewa. Yaran gidan sun kai ashirin, bakina bai huta ba. Kaina yana sunkuye ina ɗiga magani lokacin da aka miƙo mini wani damtse, siriri, da tsohon tabon lamba a kansa. Na san tabon. Malamin lamba ne ya yi shi tun tana jaririya, ni ina tsaye a waje na ba su baya.

Na ɗago kai. Ta bi layi tun daga ƙarshe, ta jira har aka zo kanta, ta zame zanenta daga kafaɗa kamar sauran. Ban tambaye ta ba, amma ta faɗi sunanta da ƙarfi, yadda ta ga ana yi. Sannan ta tsaya tana jira.

Matan gidan suka kwashe da dariya. Uwargidan ta ce, "Mai-lamba, wannan ba taki ba ce? Yau kuma gida aka zo da aikin?"

Na so in faɗa. Allah ya sani na so. Sunan ya zo har bakina, amma ga mata kusan goma sun zuba mini ido, kuma duk sun san 'yar fari ce. Abin da ya fito shi ne, "Miƙo hannun." Na goge, na ɗiga, na karce. Ba ta ko motsa ba. Da na gama ta dubi wurin, ta dube ni, ta ce a hankali, "Mai-lamba, ba ki faɗa ba." Ta koma kan turminta ta zauna a inuwa, ta riƙe hannun nesa da jiki don kar ya goge. Duk gidan ita kaɗai ta bi doka ba tare da an tsare ta ba.

Na gama sauran yaran, ban san sunan da na kira wa wa ba.

A cikin akwatin akwai bandeji guda, na ko-ta-kwana, wanda ba a taɓa amfani da shi ba, domin lamba iska take so. Da muka fito na tsayar da ita a wani lungu, na warware shi duka na naɗe mata hannu tun daga kafaɗa har gwiwar hannu. Na ƙara da tsumma na rataye mata shi a wuya. In ka gan ta sai ka ce daga kan raƙumi ta faɗo.

Yayana yana ƙofar gida yana cin goro. Ya ce, "Subhanallahi, mi ya same ta?"

Na ce, "Lamba ce, Yaya. An yi mata yau. Dokar Ingilishi, mai sabuwar lamba ba ya tahiya sai ɓawon ya faɗi da kansa. In aka kama ku a hanya, kai za a tsare."

Babu wannan doka. A nan bakin ƙofa na kafa ta.

"Wa ya yi mata?"

"Ma'aikata."

"Kwana nawa ɓawon yake yi?"

Na ce ya danganta da jiki, wani wata ɗaya, wani har damina.

Ya daɗe yana tauna goronsa. Shekararsa ashirin yana tsallaka iyakar Turawa biyu da kaya, ya san dokokinsu fiye da masu yin su, kuma a damtsensa akwai lamba har biyu, ta Faransa da ta Ingilishi. Ya kira yarinyar da sunanta, ta zo, ya ɗaga hannun ya duba naɗin, ya ce lallai an yi aiki. Bai ƙara tayar da maganar tafiya da ita ba.

Da safe na raka shi bakin hanya inda motocin Nguru suke tsayawa. Na ba shi daddawa da turmin atamfa ya kai wa Inna. Har ya sa ƙafa zai hau, sai ya juyo.

"Zan hwaɗa wa Inna hannun ya kumbura ƙwarai. Za ta yi kuka, ta zage ni, ta haƙura. Amma ki ji. Can akwai masu kiranta, ke kika hana ta zuwa. To sai ki riƙa kiranta da kanki."

Mota ta tashi. Na dawo ta hanyar bayan kasuwa, inda ba kowa, ina gwada sunan a bakina ƙasa ƙasa. Ni na zaɓe shi tun tana ciki, na raɗa wa ubanta, amma ban taɓa jin sa da muryata ba. Na faɗa sau biyar ko shida, har wani mai jaki ya waigo.

Na sami yarinyar a tsakar gida, ta tsuguna tana ƙoƙarin kwance ƙullin kayanta da hannu ɗaya. Tsohuwa tana can gefe tana shanya daddawa. Na tsaya a bayan yarinyar, na kira sunan.

Ta ɗago da sauri. Ta dubi tsohuwa, ta ga bakinta a rufe. Ta dubi ƙofar zaure, ta miƙe ta wuce ta gabana da gudu, hannun yana rataye a wuya, ta leƙa waje. Ta daɗe tana duban hanya, dama da hagu. Sannan ta dawo ta tsaya a gabana.

"Mai-lamba," ta ce, "wani ya kira ni."

Na ce, "Ni ce."

Ta ƙura mini ido. Can ta ce, "Me na yi?"