Majanyin Inna Ya Shiga Daji

Ina cikin tuƙa tuwo maigidana ya dawo daga aiki da wata takarda mai hotuna, ya shimfiɗa ta a kan tebur yana murmushi. A lokacin muna zaune a hawa na tara a Minguettes, cikin Vénissieux, gefen birnin Lyon, shi kuma yana aiki a masana'antar haɗa manyan motoci. Kowace shekara kwamitin ma'aikatansu yakan raba wuraren hutu, a wannan karon sunansa ya fito. An ba mu mako guda a wani ƙauyen hutu da aka gina a tsakiyar daji, kudu da Paris.

Dariya na yi har na kusa ƙona tuwon. A Maradi inda na tashi, masu itace da maharba ke shiga daji, sai kuma wanda gari ya ƙi. Ban taɓa jin wanda ya gaji da aiki ya ce bari ya je daji ya huta ba. Amma da na wanke hannu na duba takardar, sai dariyar ta tsaya. Yara a kan kekuna, yara a cikin ruwa, yara sun shafa fenti a fuska. A can ƙasa akwai gurbin da za a rubuta yawan 'ya'ya. Shekararmu goma sha ɗaya da aure, ko ɓari ban taɓa yi ba. Maigidana ya ɗora biro a kan gurbin ya tsaya. Ni kuwa ban iya jiran abin da zai ɓata mini rai ba, gara in tare shi. Na karɓe biron na zana sifili da hannuna, ƙato, har ya fita daga gurbin.

Akwai wani abu da ya kamata in faɗa tun yanzu. Ni ce 'yar fari a wurin Inna, don haka ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini zancen ciki ko haihuwa. Ranar da zan taho Faransa ta tura mini wani ƙunshi cikin aljihun akwatina ba tare da ta dube ni ba. Majanyi ne na saƙi, baƙi da ratsin ja, irin wanda ake ɗaure goyo da shi. A shekarun nan na tamanin kaset muke aika wa juna, don Inna ba ta karatu. Kowane kaset nata, bayan gaisuwa da labarin damina da wanda ya rasu, sai ta rufe da magana guda: "Ke, kayan nan da na sa miki cikin akwati, asu bai taɓa su ba ko?" Ni kuma in amsa a nawa kaset in ce lafiyarsu lau. Da haka take tambaya, da haka nake ba ta amsar da ba ta so, shekara da shekaru.

Tafiyarmu ta bi ta Paris, don haka muka kwana biyu a Stains, a gefen birnin, wurin yayar maigidana, Hajiya, matar wani ɗan kasuwa mai aika kaya Yamai. 'Ya'yanta bakwai, gidan kullum kamar ranar suna. Mace ce mai kirki, ba zan ci amanarta ba, amma kirkinta yana da nauyi. Ta juya takardar gaba da baya, ta dubi ƙanenta.

"Wai mi za ku yi cikin dajin ga, ku biyu ƙwal? Wurin ga na masu ɗiya ne. Kowa shina jaye da nashi, ku kuna yawo hannu sake?"

Sai ta kira 'yan matanta biyu, mai shekara bakwai da mai shekara tara, ta ce su haɗa kayansu.

"Ku tahi da su. Wa zai sani? Ɗiyan wa da na ƙane ai duka ɗaya ne. Ba ni so a dube ki da idon tausayi, ƙanwata."

A wurinmu wannan ba baƙon abu ba ne. Macen da ba ta haihu ba ana ba ta riƙo, ko a ara mata yarinya ta raka ta biki don kada ta shiga taro ita kaɗai. Na sha shiga taro da 'ya'yan aro a Lyon, ina gyara musu ɗankwali ana yi mini barka da idanu. Na dubi maigidana na ga ya sunkuyar da kai, na gane cewa da zan yarda da ya ji sauƙi. Abin ya ƙona mini rai.

"Yaya, Allah shi saka da alheri," na ce. "Amma ni na rubuta sifili ga takarda da hannuna. Yadda Allah ya aje ni haka za ni tahi."

Hajiya ta tafa hannu ta ce taurin kaina ya fi na jakin mai gishiri. Duk da haka ta cika mana jaka da kilishi da yaji, ta raka mu har bakin mota.

Ƙauyen hutun ɗakuna ne na katako a warwatse cikin dogayen itatuwa, ga wani tafki a tsakiya. Matar da ke karɓar baƙi ta leƙa bayanmu tana neman yaran, na ce mata babu, ta ce to, ta miƙo makulli. Ko a jikinta. Na tsaya ina jiran ta girgiza kai ko ta ce Allah ya kawo, ba ta yi ba. Wannan ne daɗi na farko da na ji a wurin.

Sauran kuwa sai a hankali. Gidanmu yana da ɗaki na biyu mai gadaje huɗu, wani bisa wani, da hoton zomo a bango. Na ja ƙofar na rufe. A ɗakin cin abinci tebura duk na mutum shida ne ko takwas, mu aka samo mana wani ƙarami kusa da ƙofar masu girki. Komai na wurin da agogon yara yake tafiya. Da safe a kaɗa ƙararrawa matasa masu kula da su su kwashe su zuwa wasa, da yamma a dawo da su iyaye su tare su. Lokacin nan na yamma shi ne mai wuya. Uwaye suna tsaye suna ƙwala kira, kowane yaro ya sheƙo ya faɗa jikin tasa, ni ina zaune a dakalin katako da kofin shayi. Ban ɓoye wa kaina ba, ya yi mini zafi.

Amma tsakanin ƙararrawar safe da ta yamma dajin namu ne. Maigidana ya shiga cikin tsofaffin da ke wasan jefa ƙwallon ƙarfe, kwana biyu ya fara cinye su. Ni kuma, mace mai shekara talatin da ɗaya, na ɗaure zane na hau keke karo na farko a rayuwata. Na faɗi sau uku, na huɗun na shige cikin wata ciyawa mai ƙaiƙayi, maigidana yana bina da gudu yana salati yana dariya. Rabon da in ji dariyarsa haka tun muna amare.

A rana ta uku, bayan azahar, abin ya faru. Gidan da ke kusa da namu wata yarinya ce Bafaranshiya da mijinta da jaririnsu na wata uku. Tun zuwanmu yaron nan yake kuka. Ranar kuwa ya ɗauko tun hantsi bai sauke ba. Na leƙa na gan ta tana kai da kawowa a gaban ƙofa, ta rungume shi a ƙirji tana jijjigawa, gashinta a hargitse, ita ma kukan take yi. Mijin ya tafi gari neman magani.

A gidanmu in jariri yana kuka a hannun uwar da ta gaji, ba a neman izini. Wadda ke kusa ita ke karɓa. Ban yi wani tunani ba, na taka na je na sa hannu na ɗauke yaron daga ƙirjinta.

Ihun da ta yi sai da tsuntsaye suka tashi. Ta riƙo hannuna da ƙarfi, idanunta sun firfito. Mutane suka leƙo daga gidajensu. Maigidana ya taso daga wurin wasa, ƙwallon ƙarfe a hannunsa, yana ce mini da Hausa: "Ke, maida mata ɗanta! Nan ba gida ba ne, sai su kira mana 'yan sanda!" Sai a lokacin na ga abin yadda su suke ganinsa: baƙuwar mace, wadda kowa ya san ta zo ba yaro, ta fizge jaririn mutane. Kunya ta rufe ni, amma ban saki yaron ba, don na ji cikinsa ya yi tauri kamar ganga, na san iska ce ke damunsa.

Da ɗan Faransancina na kasuwa na ce mata: "Madam, yi haƙuri. Riƙe ƙafarsa, kada ki saki. Minti biyar kawai." Ta riƙe ƙafar. Na sunkuya na ɗora shi a bayana, na jawo zanen da ke kafaɗata na rufa. Zanen yana da santsi, ba zai riƙe ba. Na ce wa maigidana ya shiga ya duba aljihun akwati na ciki, ya kawo mini abin da ya gani.

Ban ɗauko majanyin da niyya ba. A cikin akwatin yake zaune tun daga Maradi, duk inda akwatin ya je da shi yake zuwa. Maigidana ya fito da shi a tafin hannu biyu. Ya san ko mene ne, ya kuma san wanda aka saya dominsa. Na karɓa na warware, ninkin shekara goma sha ɗaya ya bar masa layi. Na zagaya shi ƙarƙashin yaron, na ja, na ɗaure a ƙirji.

Tun ina 'yar shekara bakwai nake goyo. Ƙannena shida a bayana suka girma, ban da 'ya'yan maƙwabta. Bayana ya san aikinsa. Na fara takawa ina ɗan rausaya, ina bubbuga shi da tafin hannu, uwar tana biye da ni riƙe da 'yar ƙafarsa. Kafin mu kai bakin tafki ya yi wata gyatsa da ta fi ƙarfin jikinsa, kukan ya koma shessheƙa, sai na ji kansa ya yi nauyi a tsakanin kafaɗuna. Uwar ta leƙa fuskarsa, ta saki ƙafar, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da hannu.

Na waiwaya na ga maigidana tsaye ya juya mana baya, wai yana kallon itatuwa. Da ya gama share abin da yake sharewa sai ya zo ya tsaya a gefena. Mutumin da ko a titin Lyon yakan wuce ni da taku uku, ranar kafaɗa da kafaɗa muka zaga ƙauyen nan gaba ɗaya, yana gaida abokan wasansa yana nuna ni da hannu yana cewa matarsa ce. Ni kuwa kaina a sama. Na yi alfahari ranar nan, ban kuma nemi gafarar kowa a kansa ba.

Sauran kwanakin dakalinmu ya zama makaranta. Uwar yaron ta zo koyo, ta jawo wasu mata biyu, suna gwadawa da tawul da matashin kai ina gyara musu. Na yi musu faɗa sosai, don sun cika ɗaure yaro a kwankwaso kamar buhun gawayi. A ɗakin cin abinci aka ɗauke ƙaramin teburinmu, maƙwabtan suka matsa mana a nasu. Ranar tafiya na wanke majanyin na ninke na kai wa uwar yaron. Ta ƙi karɓa, ta ce ta ga alama abu ne mai daraja. Na ce mata shi ya sa ba zai koma akwati ba.

A Stains Hajiya ta tare mu da tambaya ko kaɗaici bai kashe mu ba. Ƙanenta ya riga ni amsawa, ya ce in ta ga ana neman mai koya wa Turawa goyo, ga ta nan ya kawo. Har yau in wasu marasa yara suka tambaye ni ko irin wurin nan zai yi musu, nakan ce zai yi, in za su iya jure ƙararrawar yamma, kuma kada su ari ɗan kowa.

Da muka koma Vénissieux na zauna gaban rediyo mai kaset na danna ɗauka. Na ba Inna labarin duka, har da ihun da 'yan sandan da ba su zo ba. Na ce mata: "Inna, asu bai ci kayanki ba. Majanyinki ya yi goyo, a bayana, kuma na bar shi inda ake bukatarsa." Na aika kaset ɗin.

Bayan wata biyu amsa ta zo a hannun wani ɗan kasuwa. Gaisuwa, labarin gero, wanda ya rasu. Da ta iso inda takan yi tambayarta ba ta yi ta ba, sai kaji nake ji suna kuka a tsakar gidanmu. Can ta gyara murya ta ce: "To, madalla. In kin ga angon nawa na daji, ki gaishe shi."

Haka take kiran jikokinta maza. Allah bai ba mu haihuwa ba har tsufanmu, Inna kuma ba ta sake tambayata labarin asu ba.