Hantsakin Baffa Inuwa

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu na Koki ya san ba a taka ƙasa da ƙarfi. Tun kana zaure za ka jiyo Baffa Inuwa daga ɗakinsa yana tambayar wane ne wannan mai tafiyar raƙumi. Ni 'yar ƙanensa ce, kuma wallahi na yi shekaru ina sanɗa a gidan ubana kamar marar gaskiya, don wai motsin ƙasa yana girgiza masa kayan aiki.

Shekarar da sojoji suka koma bariki ya yi ritaya daga ɗakin gwaje-gwajen jami'a, ya dawo da tsohon madubin duba ƙwayoyin cuta da buri guda: zai haɗa hantsaki na haske. Wai idan aka tsuke hasken leza ya zama ɗigo, yana iya riƙe ƙwayar da ido ba ya gani. Sai a ja ta a kan abu tana laluben tudu da kwari kamar sandar makaho, har a zana taswirar wurin. Gwaggo Ladi, yayarsu, wadda maganarta ce doka a gidan, ta saurara tsaf, ta ce boko ya taɓa masa kai.

Maƙo kuwa, kun san shi. Bai taɓa sayen sabon abu ba. Masu gyaran rediyo yake bi yana tsintar matattun na'urorin sidi, ya ƙwaƙule idon lezarsu. Wani mai gyara ya nemi a ɗan ba shi wani abu, Baffa ya ce tun da yake bai taɓa jin an sayar da gawa ba. Ya saɓo abarsa ya taho.

Kalmar hantsakin ce ta ja masa. Wata safiya sai ga wani dattijo ɗan dako tun daga Ƙofar Mazugal yana ɗingishi, wai an ce akwai malamin da ke cire ƙaya da haske, ba zafi. Baffa ya zaunar da shi ya yi ta zuba bayani kusan rabin awa. Bawan Allah ya gyaɗa kai ya ce, "To Malam, ƙayar fa?" Haka Baffa ya ɗauko allura yana ƙunƙuni ya cire masa. Kafin wata ya zagayo ya zama gwanin ƙaya na unguwa.

Da layin masu ɗingishi ya kai bakin titi, Gwaggo ta rantse bayan ƙaramar Sallah za ta kwashe ɗakin, a kai Baffa a duba masa kai. Ya yi dariya a gabanta, amma na ga abin ya yi masa ciwo. Har abinci ya rage ci.

Ana jibi Sallah da hantsi ya shigo ya ɗauki gwangwanin madarar shayin Gwaggo ba ko sannu. Ya ɗiga a ruwa, ya jona batirin mota, ya ce ta zo ta gani. Ta zo tana faɗa, ta kafa ido a madubin. Ni ma na leƙa daga baya: ƙwayoyin maiƙo ne birjik suna ta rawa, guda ɗaya ta tsaya cak. Idan ya murɗa kunnen madubin, duk sauran su wuce, ita tana nan.

Gwaggo ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Inuwa, wa ya riƙe ta?"

"Haske, Yaya."

"To sake ta haka nan, kada ta gaji."

Daga ranar, ko a gidan biki aka taɓo shi sai ta gyara zama ta ce ƙanenta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Taswirar bai kai ga zanawa ba, idonsa ya mutu kafin nan, kuma har yau ina jin zafin wannan. Amma ɗakin da Gwaggo ta rantse za ta kwashe, ita ta riƙe makullinsa bayan rasuwarsa, tana share shi da hannunta duk Juma'a, ba ta bari a gusar da ko waya ɗaya ba har ta bi shi.

Allah ya jiƙan Baffa, ya jiƙan Gwaggo, ya cika makwancinsu da haske.