Kusun da Baba Ya Kama wa Ƙanwata

Shekarar da ƙanwata ta dawo Wurno hutu daga karatu, lokacin cirar albasa ne. Inna ta riga ta gaya wa maƙwabta ɗiyarta ta zama likita, har wata tsohuwa ta zo da ciwon gwiwa. Da hantsi muna zaune a zaure muna tsince albasa, Baba ya tambaye ta, "Wai mi kike magani can?"

Ta ce ita ba ta duba marasa lafiya, kusa take kiwo, wato ɓeraye.

Baba ya ajiye albasar hannunsa. Shi da kusu gaba ce tsohuwa, don babu shekarar da ba su yi masa ɓarna a rumbu ba.

"Kiwo? Ki ba su abinci da hannunki?"

"Har da ruwa, Baba."

Sai ta yi masa bayani. Tun ɗan kusu yana ciki, ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa daga can tsakiya suke fitowa, kowace ta rarrafa zuwa mazauninta. A cikin kowace ƙwaya akwai zaruruwa da ke riƙe da ita kamar tsaikon ɗaki. Wasu sinadarai da ake kira furotin su ke ɗaura zaruruwan ta gaba, su kwance na baya, da haka ƙwayar take matsawa. In aka rasa ɗaya daga cikinsu, sai ƙwayoyin su tsaya a hanya, kusun ya tashi ko hanyar abincinsa ba ya riƙewa. Ta ce ana duba wannan ne don a gane abin da ke samun wasu jarirai.

Baba ya ce, "To ki kawo man irin waɗanga wawayen, su yi aure da nawa."

Inna ta yi dariya har da tari.

Washegari Baba ya shigo da ƙwarya a rufe da faifai, ya miƙa wa ƙanwata. Kusu ne ƙato, da rai, gudummawarsa ga karatu. Ta yi godiya, ta ce ba zai yiwu ba, nasu sai an san iyaye da kakanni.

"Kusu ma sai mai asali?"

Na ɗauka zai miƙa wa kyanwa. Ya ce a'a, abin da ka yi kyauta da shi ba ka kashe shi. Ni ya sa na goya shi a babur da ƙwaryarsa har bakin fadama. Ya buɗe, kusun ya ruga, kai tsaye ya faɗa gonar ƙanen Inna. Baba ya ce in tayar da babur, kuma kada in gaya wa kowa.